Agugun da Bai Taɓa Fitowa a Kausani Ba

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan, amma har yanzu in na ga busassun ganye sun taru a gindin bango sai na ja da baya. Jiya na zubar da rabin kwanon kunu saboda igiyar guga ta shafi ƙafata. Kaka tana kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Igiyar ma ta tsorata da ke." Ita ce fa ta jawo mini komai. Amma in ka ji yadda take ba maƙwabta labarin, sai ka rantse ni na ɗauke ta na kai ta daji.

Bana na gama sakandare. Malamar da ta koya mana ilmin halittu, mutuniyar Zariya ce, tana tara tsirrai tana aika wa wani ɗaki a jami'ar Zariya inda ake adana busassun ganyaye a cikin manyan kabad, kowane ganye an manna shi a farar takarda mai kauri. Ta ce ana neman mataimakiya a ɗakin, kuma in na yi mata aikin damina da kyau a nan Wudil, ita za ta rubuta mini takardar shaida. 'Yan ajinmu duk sun nufi banki da ofisoshin Kano, tun da yanzu ko'ina aiki ake ɗauka, kowa ya sayi babur ya rataya rediyo. Ni wannan ɗakin nake so. Babana ya ce bai san ana biyan mutum don ya busar da ciyawa ba, amma tun da gwamnati ta rasa inda za ta kai kuɗinta, in je.

Malama ta kawo mini kayan aiki a motarta mai kama da kunkuru: katako biyu, bel biyu na ɗaurewa, tulin tsofaffin jaridu, da ƙananan takardu da ake mannawa a ƙasan kowane ganye. Sai ka shimfiɗa tsiron a tsakanin jarida, ka miƙe masa ganye, ka danne da katako ka ɗaure tam. Kullum sai an canza jarida, in ba haka ba laimar damina ta sa ya yi fumfuna. Wannan duk mai sauƙi ne. Dokar da ta nanata mini har sau uku a kan 'yar takardar take.

"Ganyen da ba shi da takarda shara ne," in ji ta. "Abu uku za ki rubuta. A ina, yaushe, wa ya tsinka. Kuma a wurin ake rubutawa, kina tsaye a kansa. Ba a gida ba, kina kan gado."

Na ce to, Malama.

Abin da ban gaya mata ba shi ne ni matsoraciya ce. A cikin gari aka haife ni, makarantar kwana na yi, duk inda ciyawa ta wuce idon sawu ba na sa ƙafa. Sati uku ina tsinkar abin da ke bakin hanya da bakin kogi kusa da gada, tafasa da rai-ɗore da irinsu, abin da ko akuya ta gaji da gani.

Kaka kuwa, mahaifiyar babana, ungozoma ce, kuma ita ke haɗa wa masu jego da jarirai magani. Takan fita tun da safe da ƙwarya da 'yar wuƙa, ba ta gaya wa kowa inda za ta. Wata ranar Talata ta dawo wajen la'asar, ta juye ƙwaryar a kan faifai, sai na ga wani ganye da ya sa na ajiye abin da ke hannuna. Karansa siriri ne baƙi wuluk, yana sheƙi kamar gashin wutsiyar doki. Ƙananan ganye sun jeru a kansa dama da hagu, kowanne kamar rabin wata, a bayansu akwai ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa. Ba fure, ba 'ya'ya. Na san shi. Malama ta taɓa nuna mana hotonsa a aji, ta ce irin wannan sai kurmi mai inuwa da sanyi, ita dai ba ta taɓa ganinsa a ƙasar Kano ba.

"Kaka, mene ne wannan?"

"Agugu ne. Sauke hannunki, na tarin jarirai ne."

"Ki ɗan sam mini."

"Ki kai shi cikin jarida ki danne shi kamar wanda ya yi sata?"

Sai da na yi mata alkawarin tsifar kai da kitso sannan ta ware mini guda tara, har da saiwarsu. Na ɗauko 'yan takarduna da biro.

"A ina kika samo shi?"

Ba ta yi jim ba, ba ta ƙifta ido ba. "Kausani. Bayan tsohuwar rijiya."

Haka na rubuta. Ina zaune a kan gado. Kausani, bayan tsohuwar rijiya, cikin inuwa. "Cikin inuwa" ɗin nan ma ni na ƙara, don na san abin da littafi ya ce. A wurin wanda ya tsinka kuwa na sa sunana, sau tara, da rubutuna mai kyau wanda aka ba ni kyauta a kansa a aji uku.

Da Malama ta zo ta buɗe katakon, sai da ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta riƙe kafaɗata ta ce, "Kin san abin da kika samo kuwa?" Ta tafi da duka taran. Bayan sati biyu ta dawo da wasiƙa a hannu. Manyan ɗakin sun ce ba su da shaidar wannan tsiro a arewa da nisa haka. Ɗaya daga cikinsu ma ya ce wataƙila daga Kudu 'yan koli suka kawo shi kasuwa, yarinyar ta saya. Malama ta ce ba ta yarda ba, ta san ɗalibarta. Ta zo da na'urar ɗaukar hoto. Ta ce in shiga mota mu je in nuna mata wurin.

Ban taɓa zuwa Kausani ba. Amma na ce a raina ai abu mai sauƙi ne, tsohuwar rijiya ba ta ɓuya. Muka je, muka yi tambaya, wani dattijo mai fartanya a kafaɗa ya raka mu. Rijiyar tana nan, ta rufta. Bayanta gonar gero ce shimfiɗe har inda ido ya tsaya, ƙasa jigawa, rana tsaye a ka. Inuwar da ke wurin duka ta wata 'yar aduwa ce, ita ma ba ta isa ta rufe jaki ba. Na shiga zagaye rijiyar ina leƙe-leƙe kamar wadda ta yar da ɗan kunne. Malama ta nuna wa dattijon hoton ganyen. Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa.

"Hajiya, a nan aka haife ni, a nan haƙorana suka zube. Wannan dai ba ɗan garinmu ba ne."

Muka juyo Wudil, Malama tana tuƙi idonta a kan hanya. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Sai da ta tsaya a ƙofar gidanmu ta ce, "Ran Juma'a zan shigo, ranar kasuwa. Ko ki nuna mini wurin, ko ki gaya mini gaskiya. In ba ɗaya, ki ɗaure mini katakona in tafi da shi."

Na faɗa gida ko sallama ban yi ba. Kaka tana tankaɗe garin magani.

"Kaka! Babu komai a Kausani!"

"Ikon Allah. Har mutanen ma?"

"Babu agugu! Gero ne kawai da rana!"

"To me zai kai agugu Kausani? Wurin da ko kwaɗo sai ya yi guzurin ruwa?"

Na tsaya ina kallonta. Wallahi na ɗauka kunnena ne.

"Ke fa kika ce mini a can kika samo."

"Kin tambaye ni, na ba ki amsa. Kowa ya tambaye ni Kausani nake ce masa. Shekara nawa ina ce wa mutane Kausani, ba wanda ya taɓa ɗaukar mota ya je sai ke."

"Amma rubutawa na yi! Yana Zariya yanzu, da sunana!"

"Ni na ce ki rubuta? Mai magani yana faɗin inda yake tsinka? Wace makaranta ce kuka yi da ba a gaya muku wannan ba?"

Wai ashe kowa ya sani sai ni. Babana ma da na kai masa ƙara, dariya ya yi har da buga cinya, ya ce shi ma yana yaro Kausani ta ce masa. In ka tambayi mai magani wurin saiwarsa, bai kamata ya ce ba zai faɗa ba, wannan rashin kunya ne. Sai ya ambaci wani gari, kai kuma ka ce madalla, kowa ya san an rufe maganar cikin mutunci. Ni kaɗai ce na ɗauki mutunci na mayar da shi ilmi, na buga masa kwanan wata.

Kwana biyu ina binta. Na roƙe ta, na yi kuka, na ƙi cin tuwo, ta cinye nawa. Ta ce akwai wani kurmi da ta taɓa nuna wa wata ƙawarta, ƙawar ta gaya wa ɗanta, ɗan ya gaya wa mai tifa, yau ko kututture babu, duk an kai Kano an dafa wa leburori shinkafa. "Yanzu da motocin nan suka yi yawa kamar fara, in ce ga wuri? Ki rubuta a takarda, takarda ta shiga mota?" Na ce mata aikina ne zai tafi. Ta ce aiki ai kamar ƙuda yake a zamanin nan, in ka kore shi ma dawowa yake.

Ranar Laraba da yamma na haƙura. Na fara kwance jaridu ina ninkewa. Ina yi ina mita ni kaɗai, na ce shi ke nan, mutumin nan na Zariya ya ci gari, za a rubuta cewa agugu ba ya fitowa a ƙasar Kano, daga Kudu ake kawo shi, a kasuwa muka saya.

Sai na ji tankaɗe ya tsaya.

"Wa ya ce?"

"Wani babban malami."

"Ya ce a kasuwa na saya?"

"Haka ya ce."

"Ni? Ni zan ba jaririn mutane busasshen abin 'yan koli, wanda ba a san shekararsa ba?" Ta ajiye rariya. "Shi wannan malamin, uwarsa a ina ta yanke masa cibi? Tun kafin a haife shi nake tsinkar agugu a ƙasar nan."

Kukana na kwana biyu bai motsa ta ba. Mutumin da ba ta taɓa gani ba ya ce ta saya a kasuwa, shi ke nan ta tashi tana neman takalminta. Ta kafa sharaɗi: ni kaɗai, ba Malama, ba mota mai kama da kunkuru, kuma da hannuna zan tsinka tun da na rubuta cewa ni na tsinka.

Da safe muka hau a-kori-kura ta wajen Indabo. Muka sauka kafin gari, muka shiga gonaki. Na lura mun wuce wata kuka mai rami a ciki, bayan tafiya mai tsawo muka sake wuce ta.

"Kaka, wannan kukar ai mun wuce ta ɗazu."

"Kukoki kama suke."

"Da ramin da komai?"

"'Yar boko, ki dubi gabanki."

Zagaye take da ni don kada in gane hanya. Tsohuwa da ciwon gwiwa, ta gwammace ta ninka tafiyarta. Sai da rana ta take sannan muka iso bakin wani kwazazzabo da ba za ka san yana nan ba sai ka kusa faɗawa. Kanya da ɓaure sun rufe shi ruf. Daga sama ina jin sanyi yana tasowa da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ruwa yana ɗiga a wani wuri. Kaka ta yi sallama, kamar mai shiga gidan mutane, ta yi bisimilla, ta nuna mini da haɓa.

Ga shi nan. Ya lulluɓe bangon kwazazzabon daga ƙasa har tsayin ƙirji, kore shar, yana rawa ko iska babu. Na manta da fushi. Na tattare zanena na sauka da baya, ina riƙe saiwoyi, har ƙafata ta taka busassun ganyen da suka taru a ƙasa. Na zaɓi wani mai ɗigo sosai a bayansa, na durƙusa, na miƙa hannu zan tono saiwar.

"Tsaya haka nan," in ji Kaka daga sama. Muryarta ba ta canza ba, kamar tana cewa in miƙo mata ludayi. "Kada ki motsa. Dubi gefen hannunki na dama."

Na duba. Ganye ne kawai. Sai ganyen ya yi numfashi.

Kasa ce, macijiyar nan mai mugun dafi. Ta naɗe a cikin busassun ganye, kaurinta ya kai damtsena, zanen bayanta da ganyen ba su da maraba. Tsakanin yatsuna da kanta bai kai taƙi ɗaya ba. Na ga idonta. Na ji tana huci a hankali, kamar an huda tayar keke. Ban san na iya tsayar da numfashi tsawon haka ba. Duk addu'ar da na haddace ta gudu, sai bisimilla kawai nake maimaitawa a ciki.

"Janye hannun sannu-sannu. Yauwa. Kada ki miƙe. Ja da baya da gwiwa. Barci take, ba ruwanta da ke."

Ban san yadda na hau ba. Na dai tsinci kaina a sama, zaune a ƙasa, zane duk laka. Da na buɗe hannun hagu sai na ga agugu guda a ciki, da saiwarsa, na damƙe shi har ya kusa lalacewa. Ban tuna lokacin da na cire shi ba.

"Kin san tana nan?" na ce.

"Nan ne wurinta. Bara ma a nan na same ta. Ba ta taɓa ce mini kanzil ba."

"Kin sani, kika bar ni na sauka!"

"Da na gaya miki za ki sauka? Ai na tsayar da ke a kan lokaci." Ta miƙo mini goro. "Ungo, tauna. Rubuta takardar taki mu tafi, tun da an ce sai a wurin."

Na rubuta, a kan gwiwata. Duk wanda ya ga rubutun zai ce ɗan aji ɗaya ne ya yi shi da hannun hagu.

Ran Juma'a Malama ta zo. Na shimfiɗa mata tabarma a zaure, na ajiye sabon ganyen a gabanta, na gaya mata komai: tsoron ciyawa, ƙwaryar Kaka, gadon da na zauna a kai, har "cikin inuwa" da na ƙara. Ta daɗe tana duban karkataccen rubutun. Sannan ta ce in kai ta wurin Kaka. Ta cire takalmi, ta durƙusa ta gaishe ta, suka yi ta gaisuwa kamar ba abin da ya kawo ta. Ni aka kora in je in dama fura. Da na dawo sun gama. Malama za ta je ta gani da idonta, a ƙafa, ta hanyar kukar nan mai rami, sau nawa Kaka ta ga dama. A takarda kuwa za a rubuta ƙasar Indabo, cikin kwazazzabo mai inuwa, ba za a ƙara ko harafi ba.

Na ce to, sai a ciro takardu taran nan na Kausani a yayyage.

Malama ta dube ni ta saman tabarau. "Ba a yage tsohuwar takarda a ɗakin nan. Ko ta shekara ɗari ce, ko kuskure ne. Sai dai a manna gyara a ƙasanta, mai gyaran ya sa hannu."

"Ke nan duk wanda ya buɗe zai gani?"

"Duk wanda ya buɗe."

Ta zaro ƙananan takardu tara daga jakarta ta ajiye mini. Ta faɗa, ina rubutawa: ba a Kausani aka samu ba, a ƙasar Indabo ne; ba ni na tsinka ba. A wurin mai tsinka ta ce in sa sunan Kaka, cikakke. Sai da na gama ta tara, ta busa tawadar, sannan ta fito da ambulan ta miƙo mini. Takardar shaidar ce. Ta ce ta rubuto ta tun daga gida, amma da ban yi magana ba da ita za ta koma. Wata mai zuwa zan fara, kuma aikina na farko shi ne in manna gyare-gyaren nan da hannuna, kowanne a ƙarƙashin ƙaryarsa.

Da Kaka ta ji sunanta zai zauna a kabad a Zariya, ta ce wa ya ba mu izini, ita matar aure ce ko da mijin ya rasu. Ta yi faɗa har magariba. Washegari na ji ta ta kan katanga tana gaya wa maƙwabciyarmu cewa manyan malamai sun rubuta sunanta sau tara, wanda ya ce ta saya a kasuwa kuma ya ji kunya.

Maƙwabciyar ta ce, "Ikon Allah! To wai a ina kike samo shi ne, Iya?"

"Kausani," in ji Kaka. "Bayan tsohuwar rijiya."